Amsa ga mai jiran haihuwar fari: batun kujerar jariri a mota

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya sauki iyali lafiya, Ya ba mu mai albarka. Ka ce cikin ya shiga wata takwas, haihuwar fari ce, motarka Corolla ce 'yar Amurka ƙirar 2008, kuma kana so ka ji ko kujerar jariri tana da wani amfani a cikin garin Kano inda ba a gudu sosai, tunda Hajiyarku ta ce duk a hannu aka riƙe ku, ga ku nan kun girma. Ka kuma tambaya ko gwanjo za ta yi.

Ka saya. Ka kuma ɗaura ta a motar tun kafin naƙuda ta zo, don ranar da za a sallame su daga asibiti hankalinka ba zai zauna kan karanta takardar bayani ba. Yarana duka a cikinta suka taso, kuma har yau ina cikin hidimar da ƙaramarsu.

Maganar cewa ba a gudu a Kano gaskiya ce idan kana cikin cunkoson Kantin Kwari ko bakin kasuwar Sabon Gari. Amma ka duba allon gudunka wata rana idan ka sauko daga gadar Dangi ka miƙi titin Zariya, ko titin Katsina bayan isha'i, ko hanyar sabuwar jami'ar Bayero. Tun da aka yi gadojin sama da na ƙasa, kilomita 60 zuwa 80 cikin sa'a ya zama gudun kowa. To ko a kilomita 50 cikin sa'a mota ta daki abu ta tsaya cak, ƙarfin bugun daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, wato bene mai hawa uku. A wannan ƙiftawar idon, jan da jikin jariri yake yi yana ninka nauyinsa sau ashirin ko fiye. Jariri mai kilo 4 ya koma kilo 80 ke nan, kuma ba tare da sanarwa ba. Babu uwar da hannunta zai riƙe wannan, komai son da take yi masa. Idan kuma ita kanta ba ta ɗaura bel ba, jikinta ne zai matse shi da bayan kujerar gaba. Wasu suna zagayo da bel ɗin ya haɗa uwa da ɗa a kan cinya, suna ganin sun yi dabara, alhali nauyin uwar gaba ɗaya a cikin yaron zai sauka.

Wani abokin aikina ya ɗauko iyalinsa daga rigakafi, matar tana gaba da jaririya a cinya. Adaidaita sahu ya ga fasinja ya yanko gabansa ba sigina, ya take birki da ƙarfi. Motocin ko gogar juna ba su yi ba. Amma yarinyar ta suɓuce daga hannun uwar, kanta ya daki dashbod. Sun kwana asibiti ana hoton kai, Allah Ya kiyaye ta warke, sai dai har yanzu uwar ba ta iya ba da labarin ba tare da muryarta ta karye ba. Wannan shi ne irin hatsarin cikin gari, kuma duk mai tuƙi a Kano ya san sau nawa ɗan adaidaita yake sa shi take irin wannan birkin.

Jariri yana zama ne a kujerar baya, yana kallon bayan motar. Mutane da yawa suna saya su juya ta gaba don uwa ta riƙa ganin fuskarsa, kuma a nan suke zubar da mafi yawan amfaninta. Kan jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawon jikinsa, ga nauyi, ƙasusuwan wuyansa kuwa ba su gama ƙwari ba. Idan yana kallon gaba aka yi karo, maɗauran kujerar za su riƙe ƙirjinsa, kan kuma ya wulwulu gaba, duk jan ya sauka a wuya da laka. Idan yana kallon baya, bayan kujerar ne zai tare kai da wuya da gadon baya a lokaci guda. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Bertil Aldman, shi ya fito da wannan tsari a 1964 bayan ya lura da yadda 'yan sama-jannatin Amurka suke kwanciya da baya lokacin harba kumbo, kuma har yau a ƙasarsu yara kan kai shekara huɗu suna kallon baya. Ƙa'idar Turai da ta fara aiki a 2013 ta hana juya yaro gaba kafin wata 15. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuwa tun 2018 cewa ta yi a bar shi a haka har sai ya wuce nauyi ko tsawon da aka rubuta a jikin kujerar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce amfani da irin wannan kujera yana iya rage mutuwar jarirai a hatsari da kashi 71 cikin ɗari. Ni nawa ban juya su ba sai bayan sun cika shekara biyu. Za ka ji ana cewa ƙafafunsa sun takure, amma yaro yana lanƙwashe ƙafa ya zauna abinsa, ban ga ya dame su ba.

Kujerar gaba kuwa ka cire ta daga lissafi kwata-kwata. Jakar iskar da ke cikin dashbod tana fitowa da gudun da kan kai kilomita 300 cikin sa'a, an yi ta ne don ƙirjin babban mutum. Idan ta daki bayan kujerar jariri, kansa ta daka. 'Yan Rod Sefti, da suka fara tilasta ɗaura bel tun Janairun 2003, su ma matsayarsu ita ce yaron da bai kai shekara 12 ba a baya yake zama a ɗaure. Ko an tare ka a kan haka ko ba a tare ka ba, ba don su za ka yi ba.

Yanzu ga inda aikin yake, kuma ya fi sayen wuya: mutanen gida. Hajiya ba ƙarya ta yi ba, a hannu aka riƙe mu. Amma a lokacinsu yawancin zirga-zirgar mai jego a ƙafa ce da goyo, ko gajeriyar tafiya a titin da motocinsa ba su kai na yanzu ba. Waɗanda abin ya rutsa da su kuma ba a kawo su a misali, an ce kwana ya ƙare, an yi haƙuri. Kada ka ja da ita a kan wannan, kuma kada ka kawo mata lissafin Turawa. Akwai kuma kunyar ɗan fari. Idan kai da kanka ka tsaya kana kafewa kan yadda za a ɗauki ɗanka na fari a gaban iyaye, za a ce ba ka da kara, maganar ta tashi daga kujera ta koma tarbiyya. Abin da ya yi min aiki shi ne na bi ta hannun yayarmu, wadda take da baki a wurin tamu Hajiyar, na nuna mata yadda abin yake, ita ta isar. Idan kuna da nas ko likita a dangi, ya fi. Ko iyalinka ta tambayi malamar asibiti ranar awo, ta dawo ta ce ga abin da aka ce a asibiti, domin iyayenmu suna girmama wannan. Da aka ce min ai tsaro na Allah ne, na ce haka ne, da addu'ar hawa muke tashi kullum, amma Hajiya da kanta take bin dare ta duba ko an saki gidan sauro a kan jikanta, kuma ba wanda ya ce ta rasa tawakkali. Wannan ma sababi ne irinsa.

Tunda haihuwar fari ce, mai yiwuwa gida za ta tafi wanka har arba'in. To kujerar ta bi ta. A wannan lokacin motar babanta ko ta yayanta za ta riƙa shiga, kai kana wurin aiki. Ka je da kanka ka nuna wa wanda zai riƙa tuƙa su yadda ake ɗaurawa, cikin ladabi, ka ce taimakonsa kake nema. Bayan ta dawo ga rigakafin sati 6 da na 10 da na 14, ga yawon arba'in. A irin waɗannan ranakun ne ake jarraba mutum, har da ranar suna. Mota ta cika da gwaggo da inna da ƙannen mai jego, sai wata ta ce a cire wannan abin a sa a but, ya cinye wurin mutum guda, ai nan da nan ne. Idan ka yarda ranar, ka buɗe ƙofa, gobe ma haka za a ce. Ni dai nakan ce zan yi sawu biyu, ko in tare wa sauran adaidaita in biya. Za a yi ƙorafi a makon farko, daga baya su da kansu za su riƙa barin wurin.

Batun ɗaurawa, motarka ta sauƙaƙa maka. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga Satumban 2002 suna da ƙananan ƙarafa biyu a lungun da mazaunin kujerar baya ya haɗu da majinginarta. Zura yatsa za ka ji su, a Corolla suna gefen dama da gefen hagu, tsakiya babu. Amurkawa suna kiran tsarin LATCH, Turawan Turai ISOFIX. Idan kujerar da ka saya tana da ƙugiyoyinsu, ka maƙala ka ja har ta kama. Idan da bel za ka ɗaura, ka bi da shi ta hanyar da aka zana a jikin kujerar, ka zaro shi gaba ɗaya har ƙarshe, sannan ka sake shi a hankali. Za ka ji yana ƙas-ƙas yana komawa, ya kulle ke nan. Ɗaya ake zaɓa, ƙarafan ko bel, ba a haɗa su sai in takardar kujerar ta ce a haɗa. Idan ka gama, ka kama ta daidai inda bel ya ratsa ka girgiza, kada ta motsa fiye da inci guda. Masu tsofaffin motocin Turai irin 406 da Golf su duba da kyau, da yawansu ba su da ƙarafan, bel ɗinsu kuma ba ya kullewa ta wannan hanyar, sai kujerar da take da abin matse bel a jikinta. Kwanciyar kujerar ma a kula. Sabon jariri ba ya riƙe wuya, idan ta miƙe da yawa haɓarsa za ta faɗo kan ƙirji ta takura numfashi. Yawancinsu suna da layi ko alama a gefe da ke nuna daidai. Idan bakwaini ne, a tambayi likita kafin a sa shi.

Shi kansa yaron, maɗauran su fito daidai kafaɗarsa ko ƙasa kaɗan, a ja har ka kasa tsunkuno igiyar da yatsu biyu a kan kafaɗa. Idan tana da maɓallin ƙirji, ya tsaya daidai hammata. Matsalarmu a nan ita ce naɗe jariri. Da hunturu za a sa masa obarol da suwaita, a naɗe da shawul, sannan a ɗora maɗauri a kai. Wannan tulin kaya yana lotsewa lokacin bugu, yaron ya zame ya fita. A ɗaure shi da kaya marasa kauri, sannan a lulluɓa bargon daga sama. Da bazara kuma, watan Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40, ƙarfen maɓallin yana ƙona fata. Ina ajiye farin tawul ina rufe kujerar duk inda na yi fakin, kuma sai na taɓa da bayan hannuna kafin a sa yaro. Kada a bar shi a mota a rufe ko da shiga kanti za a yi a fito.

Zai yi kuka, musamman farko-farko. Uwar ta zauna baya kusa da shi, ita ma da bel ɗinta. Idan nono yake so, ka nemi wuri ka tsaya, kada a ciro shi mota tana tafiya. Tafiyar Kaduna ko Katsina kuwa, kada ya haura sa'a biyu a ciki ba a tsaya an ciro shi ya miƙe ba, sabon haihuwa ma ƙasa da haka. Kuma ba gadon barci ba ce, in an iso gida a mayar da shi shimfiɗarsa.

Sai gwanjo. Ba zan ce maka haramun ba ce, na san yadda dala ta mayar da kayan jarirai. Amma kujerar da ta taɓa shiga hatsari mai ƙarfi ta gama aiki ko da ba ka ga tsagewa ba, mai sayarwa kuma bai san tarihinta ba, a kwantena ta zo masa. Robar ma tana da wa'adi, yawanci shekara 6 zuwa 10 daga ranar ƙira, ranarmu kuma ba ta raga wa roba. Idan dole sai ta hannu, gara ta ɗan'uwa ko aboki da ka san yadda ya yi amfani da ita. Ka juya ƙasanta ka nemi ranar ƙira. Ta Turai tana da sitika ruwan lemo mai harafin E a cikin da'ira, da lamba R44/04 ko R129. Ta Amurka za ka ga rubutun cewa ta cika ƙa'idar gwamnatin tarayyarsu. Wadda ba ta da ko ɗaya, ko igiyarta ta zaizaye, ko farin soson cikinta ya karye, ka bar ta. Haka nan wata aba mai laushi kamar jakar goyo da ake tallatawa a intanet ana rataya ta a jikin kujera, ba ta da ƙashi, ba abin da za ta tare.

Idan kuɗin sau ɗaya za ka iya fitarwa, nemi irin wadda take ɗaukar jariri tun daga haihuwa tana kallon baya har kilo 18, daga baya a juya ta gaba. Ta fi mai hannun ɗauka daɗewa, don waccan a kilo 13 yawanci take tsayawa, sai dai ita ba a cire ta a shiga da yaro cikin gida, kuma tana cin wuri. Ka je da motar wurin saye, a gwada ta a bayan kujerar mai zaman banza ka ga ko mutum zai iya zama a gaba. Wadda na saya wa ƙaramarmu ba ta kai kuɗin ragon sunanta ba. Idan ka samu wadda ta kwanta maka, ɗauki hoton sitikar da ranar ƙirar ka turo min kafin ka biya, in duba maka.