Nisan Kano zuwa Jidda ta jirgin sama

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin tafiya Umara. Tikitina ya nuna za mu tashi daga Kano ƙarfe 10 na dare mu sauka Jidda ƙarfe 5 na asuba, awa bakwai ke nan, amma maƙwabcina ya ce shi awa biyar ya yi. Kilomita nawa ne tsakani, kuma wa ya fi gaskiya? Maniyyaci daga Haɗeja.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai ka lafiya. Ku biyun duk kuna kan daidai. Agogon Saudiyya yana gaba da na Najeriya da awa biyu, shi kuma tikiti da agogon garin da aka sauka yake rubuta lokacin sauka. Ƙarfe 5 a Jidda ƙarfe 3 ne a Kano, ka ga awa biyar ke nan.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, idan aka miƙe sambal, kusan kilomita 3,400 ne. Madina ta ɗan fi nisa, wajen 3,550. Matuƙa kuwa da mil na teku suke lissafi, kowane ɗaya kilomita 1.852, don haka in ka ga 1,850 a allon bayan kujera kada ka ɗauka hanyar ce ta ragu.

Babban jirgi idan ya daidaita a sama yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa. Wato awa huɗu, a ƙara lokacin hawa, sauka da gangarawa a titin jirgi, sai a tashi da huɗu da rabi zuwa biyar.

Sai dai jirgi ba ya bin miƙaƙƙen layin nan daidai. Layin yana ratsa yankin tafkin Chadi, ƙasar Chadi, Sudan, sannan Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jirage suka riƙa zagaye, tafiyar ta kai awa shida ko fiye, kuɗin mai kuma ya hau kan tikiti. Iska ma tana da nata: da hunturu ta can sama daga yamma take kaɗawa, sai zuwa ya fi dawowa sauri. Da damina akasin haka ne.

Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne ya da zango. Mai bi ta Alƙahira zai yi wajen kilomita 3,100, ya ƙara 1,200 zuwa Jidda, ban da zaman jiran jirgi na biyu, wanda wani lokaci ya fi tafiyar kanta tsawo. Kafin ka biya, duba ko tikitin na kai tsaye ne, in kuwa akwai zango, ka tambayi awa nawa za ka zauna.