Tambaya da Amsa: Kakana ya tafi yaƙin Faransa bai dawo ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Zinder ce, unguwar Birni. Kakana mahaifin babana asalinshi mutumin Daura ne, cirani ya kawo shi Damagaram yana dukanci har ya yi aure, sai Nasara suka ɗauke shi soja lokacin yaƙin Hitila aka tafi da shi Faransa, shi kenan bai dawo ba, lokacin babana yana goye. Abin da ya rage mana wata takarda ce duk ta yi ja, kakata ta aje ta cikin kwalla ƙarƙashin zannuwanta har ta rasu. Ba mu san kabarinshi ba, ko hoto babu. Ta ina zan fara, kuma me zan yi mashi?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya jiƙan tsoho ya kai haske inda yake kwance. Wallahi wasiƙarki ta taɓa ni, musamman kwallar nan ta kakarki.

Kafin komai ki daina ninke takardar nan, ki ɗauki hotonta da waya gaba da baya, ki sa wanda ya yi lakwal ya duba maki lambar soja, wato matirikil, da shekarar da aka ɗauke shi. In kika ga an rubuta RTS, wato Régiment de tirailleurs sénégalais, sunan rundunar, kar ki ce ai wannan na mutanen Senegal ne, a'a, tun 1857 da Faransa ta kafa rundunar haka take kiran sojojinta baƙar fata, tirailleurs sénégalais, ko daga Nijar mutum ya fito ko daga Mali.

Akwai shafin ma'aikatar sojan Faransa a intanet, Mémoire des hommes, kyauta ne, an zuba sunayen waɗanda suka mutu a yaƙin 1939 zuwa 1945. Amma sai kin yi haƙuri don akawun bariki yadda kunnenshi ya ji yake rubutawa, Musa ya koma Moussa, Usman ya koma Ousmane, Mamman ya koma Mamane, kuma tunda tsoho daga Daura, ƙasar Ingilishi, ya ƙetaro zai yiwu Zinder aka sa mashi a wurin haihuwa, to ki gwada duka biyun. In bai fito ba, a rubuta wa ma'ajiyar takardun soja da ke garin Caen a Faransa, can fayil ɗin mamatan yaƙin yake.

Kuma kar ki yanke ƙauna da kabari. A Chasselay kusa da Lyon, ranakun 19 da 20 ga Yuni 1940, sojojin Jamus suka ware baƙar fata daga cikin fursunoni suka bindige su, yanzu wurin maƙabarta ce da aka kewaye da jan gini mai kama da ganuwar garuruwanmu, ana ce mata Tata, an buɗe ta a 1942, sojojin Afirka 188 ke kwance ciki, da yawansu babu suna a kan dutsen. Wasu kuma ba harsashi ya kashe su ba, sansanonin fursuna aka tsare su cikin Faransa ga sanyi ga yunwa, tarin fuka ya ɗauke su.

Maganar me za ki yi mashi kuwa, addu'a ba ta neman adireshi 'yar uwa. Ki yi sadakar masa ko fura ran Juma'a da niyyarshi, ki roƙi liman ya sa shi cikin addu'a da cikakken sunanshi, in an yi haihuwar namiji a gidanku a yi mashi takwara. Sannan in akwai tsohuwar da ta rage a dangi ki zauna da ita ki naɗi muryarta tun tana da ƙarfi, ta faɗa maki tsawonshi da laƙabinshi da irin zanen fuskarshi.

Ki turo mana hoton takardar ta adireshin mujalla, in sha Allahu ni da kaina zan taya ki dubawa.