Fayil biyu na mono da maganar tahowa Jamus: amsa ga ƙanena mai situdiyo a Katsina

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma kamar yadda ka yarda, na kawo amsar fili don sauran samarin da ke zaman situdiyo a Katsina su ma su ƙaru. Magana biyu ka haɗa a saƙo ɗaya. Ta farko, ka naɗi makaɗan kalangu a wani biki da makirufo biyu ta Focusrite ɗinka mai kafa biyu, na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, ka koma situdiyo ka tarar da fayil biyu na mono, wato kowanne sauti mai layi ɗaya, kana son su zama fayil ɗaya na sitiriyo mai hagu da dama, amma duk haɗin da ka yi sai sautin ya fito siriri, babu nauyi. Ta biyu, ka ce wannan ya ishe ka hujjar cewa sai ka fita waje za ka iya aikin, har kana tunanin roƙon Baba ya sayar da filinsa ka taho Jamus karatun injiniyan sauti. A kan ta farko zan fi daɗewa, don rabin amsar ta biyun yana cikinta.

Haɗawar kanta ba ta kai minti ɗaya ba. A manhajar Audacity, wadda kyauta ce, ka jera layukan biyu ɗaya a saman ɗaya, ka buɗe jerin zaɓin layin sama ka danna "Make Stereo Track". Na sama ya zama hagu, na ƙasa ya zama dama. A Pro Tools ka buɗe layin sitiriyo, ka zaɓi guntayen biyu tare ka ja su kansa, kuma idan sunayen fayilolin iri ɗaya ne, ɗaya ya ƙare da .L ɗaya da .R, manhajar da kanta take gane su. Cubase Pro na da umarnin "Mono to Multi-Channel" a ƙarƙashin "Convert Tracks". Kai da ke aiki da FL Studio kamar yawancin mutanenmu, ba kowane fayil tasharsa a miksa, ka karkatar da ɗaya hagu har ƙarshe, ɗayan dama har ƙarshe, ka tura su duka tasha ta uku, ka fitar da wannan tashar a WAV, fayil ɗin sauti da ba a matse ba. Sau da yawa ma ba ka bukatar sabon fayil. Tashar ta uku ta wadatar, duk gyaran da za ka yi ka yi a kanta, ya hau kunnuwan biyu daidai wa daida.

Inda aikin yake shi ne tambayar da ba ka yi ba: waɗannan fayilolin biyu, tun asali ma'aurata ne?

Ba kowane mono biyu ne sitiriyo ba. Idan fiyano ka naɗa ta mafitarsa biyu, hagu da dama, waɗannan kam nasu ɗaya ne, haɗa su kai tsaye. Haka idan makirufo biyu iri ɗaya ka kafa gefe da gefe suna sauraron wuri ɗaya. Amma daga hoton da ka turo, makirufo ɗaya yana bakin kalangun babban makaɗi, ɗayan yana can wajen 'yan amshi. Waɗannan layuka biyu ne masu zaman kansu. Idan ka jefa ɗaya hagu ɗaya dama, mai sauraro da hedifon zai ji ganga a kunne ɗaya, murya a ɗayan, tsakiya wayam. Irin wannan ake gani a aikin fim, inda ake sa makirufon kwala a kafa ta ɗaya ta kyamara, na sanda a kafa ta biyu, sai mai tacewa ya bar su a haka, jarumi yana magana a kunnen hagu kawai. Maganinsa a bar kowanne a mono, a ajiye shi kusa da tsakiya, a daidaita ƙarfinsu.

Akwai kuma abin da na san ana yi a situdiyoyinmu, a kwafi layi ɗaya gida biyu, a tura ɗaya hagu ɗaya dama, a ce an yi sitiriyo. Wanda ya wanke hoton ɗansa kwafi biyu bai haifi tagwaye ba. Sauti ɗaya daga sifika biyu a tsakiya kunne yake jin sa, ƙara kawai aka ƙara masa. Wasu sukan ja kwafin baya da 'yan milisakan (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa) don a ji faɗi, kuma a hedifon faɗin yana fitowa. Sai dai ranar da waƙar ta hau waya mai sifika ɗaya, a nan za ka ga abin da dabarar ta ci.

Wannan shi ne ya kawo mu kan siririn sautinka. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, wato kimanin santimita 34 a kowane milisakan ɗaya. Idan makirufo ɗaya ya fi ɗayan nisa daga ganga da santimita 34, bugu ɗaya zai shiga cikinsu a lokuta biyu, tsakaninsu milisakan ɗaya. Muddin suna rabe, ɗaya a hagu ɗaya a dama, kunne yana karɓar wannan a matsayin faɗin wuri. Da zarar an zuba su a sifika ɗaya, sai wasu sassan sautin su ci juna: wajen Hz 500 (Hz ma'aunin kauri ko siririn sauti ne) ya nutse, wajen 1,500 ya nutse, haka har sama. Tazarar ta ƙaru, ramin farko ya gangaro ƙasa, inda nauyin ganga yake. Naka makirufon na 'yan amshi shi ma yana jin kalangun, amma a makare, shi ya sa da ka haɗa su cikin gangar ya zube.

Ga yadda za ka duba. Ka zuƙo hoton igiyar sautin sosai, ka nemi bugu ɗaya mai kaifi, ka ga inda ya fara a kowane layi. Idan makirufon kusa da na nesa ne, ja na nesan gaba har su haɗu, ko aƙalla ka gwada ka ji wanne ya fi. Idan ma'aurata ne na gaskiya, kada ka taɓa, wannan ɗan bambancin shi ne sitiriyon. Sannan ka duba ko ɗaya yana tashi sama lokacin da ɗayan ke yin ƙasa. Wayar makirufo ta XLR da mai gyara ya haɗa a juye tana jawo haka, kuma maɓallin nan mai alamar Ø a miksa shi ke gyara ta. Bayan duk wannan, danna maɓallin mono a babbar tasha ka saurara. Ni a wurina wannan maɓallin ya fi kowace filogin, wato ƙaramar manhajar gyaran sauti, da kuke yawon nema a filashi daraja, don masu jin waƙarka a Katsina ba a tsakanin sifika biyu suke zaune ba. A waya suke ji, a rediyon mai shayi, a cikin Keke Napep, ko daga akwatin DJ ɗaya da aka jingine a ƙofar gidan biki.

Kada kuma ka yi sitiriyo da na'ura biyu daban, misali waya biyu. Kowace da agogonta, a farkon naɗi suna tare, kafin minti goma sun fara zamewa. Kuma ka tabbata fayilolin biyu a ma'auni ɗaya suke, ko duka 44.1 kHz ko duka 48, sun fara a wuri ɗaya, tsawonsu ɗaya. Aikin talabijin da fim 48 ake bi.

In kana son sitiriyo na gaskiya a naɗi na gaba, tun wurin kafa makirufo ake yin sa. Wannan ba sabon ilimi ba ne, tun 1931 Alan Blumlein na kamfanin EMI a Ingila ya yi rajistar dabarar. Mafi sauƙi a gare ka, ka gicciya makirufo biyu iri ɗaya, kawunansu kusan a haɗe, kusurwa 90 tsakaninsu. Tunda wuri ɗaya suke, sauti yana isa gare su lokaci ɗaya, kuma ba sa cin juna a mono. Akwai tsarin da gidan rediyo da talabijin na Faransa, ORTF, ya fitar: tazarar santimita 17, kusurwa 110. Ya fi faɗi, ya fi kama da yadda kunnen mutum ke ji. Da kafa biyu kawai kake da ita, don haka sai ka zaɓa: ko ka ɗauki taron makaɗan gaba ɗaya da tagwayen makirufo, ko ka ɗauki abu biyu kusa-kusa a mono. Ba ka samun duka biyun a lokaci ɗaya.

Yanzu maganar tahowa.

Abin da na rubuta maka a sama, babu ko layi ɗaya da sai da biza ake koyonsa. Kuma a kamfanin da nake aiki a nan birnin Kolon na Jamus, sabon yaro ba a ba shi miksa. Nannaɗe wayoyin makirufo yake yi, da sa wa fayiloli suna, da tantance irin wannan: wanne da wanne ne ma'aurata, wanne ne shi kaɗai. Wanda ya ji matsala da kunnensa kafin allo ya nuna masa, shi ake kira gobe.

Karatun da ake ji da shi a nan, na Tonmeister, wato ƙwararren mai naɗar kiɗa, a garin Detmold da Jami'ar Fasahohin Zane da Kiɗa ta Berlin ake yin sa, kuma sai an ci jarrabawar shiga mai tsanani. Za a zaunar da kai gaban fiyano, a gwada kunnenka, a gwada saninka na rubutaccen kiɗa irin na Turawa, kuma da Jamusanci ake koyarwa. Iya haɗa bit a FL ba ya tsallakar da mutum wannan ƙofa. Makarantun kuɗi irin SAE sun fi sauƙin shiga, amma kuɗinsu ba na filin Baba ba ne. Ko a jami'ar gwamnati da ba a biyan kuɗin karatu, biza tana bukatar ka nuna kuɗin zama a asusun da ake kullewa, wanda tun Satumbar 2024 ya kai Yuro 11,904 na shekara ɗaya, ana sakar maka 992 duk wata. Ka buga wannan da canjin yau ka gani. Jihar Baden-Württemberg kuma tana karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba. Doka ta ba ɗalibi damar aikin cikakkun kwanaki 140 a shekara, amma wanda ya dogara da wannan don biyan haya, karatun ne yake shan wahala.

Hanyar da na fi ganin ta dace da irinka ita ce koyon sana'a, wadda suke kira Ausbildung. Shekara uku ce, kana aiki a kamfani kana zuwa makaranta, ana biyanka ɗan albashi. Akwai fannin hoto da sauti, akwai na kayan sautin taruka. Sai dai dole kamfani ya ɗauke ka tukuna, kuma ana neman Jamusanci aƙalla matakin B1, wato matsakaici. Cibiyar Goethe a Legas tana shirya jarrabawar. Ba zan ɓoye maka ba, gurbin fannin sauti yaran ƙasar ma rububinsa suke yi, don haka sai da abin da zai bambanta ka da su.

Abin kuwa yana hannunka. Yaron Kolon ba shi da Hawan Sallah. Ka nemi izini a wurin da ya dace, ka tsaya kusa da Ƙofar Soro da tagwayen makirufo, dawaki su shigo ta hagu su fita ta dama, algaita da kakaki suna tashi, tambura suna amsawa daga nesa. Ka je Daura lokacin Sallar Gani ka yi haka. Ka naɗi mai garaya shi kaɗai a zaure, ka naɗi 'yan kalangu a fili. Wanda ya saurari wannan a hedifon ya ji dawaki suna ratsa kansa, sannan ya danna mono ya ji babu abin da ya ɓace, zai karanta takardarka har ƙarshe. Ka kuma leƙa gidan rediyon jiha ko Companion FM ka nemi su bar ka ka riƙa taya su aiki ko da ba biya, don wasiƙar shaida daga gidan rediyo tana da nauyi a nan. Filin Baba ka bar shi inda yake. Idan Jamusancin ya zauna kuma wani kamfani ya amsa, lokacin sai mu zauna da shi mu yi lissafi.

A wannan makon, ka koma kan naɗin bikin nan. Ka bar layukan biyu a mono, kalangu a tsakiya, 'yan amshi ɗan kaɗan zuwa gefe, ka daidaita lokacinsu, ka gwada maɓallin Ø ka zaɓi inda gangar ta fi cika. Ka turo min abu uku: fayilolin asali ba tare da ka taɓa su ba, haɗin da ka yi da farko, da sabon. In ta WhatsApp ne, ka turo su a matsayin takarda, kada ka mayar da su MP3. Ka rubuta min kuma nisan kowane makirufo daga ganga, ko da da taku ka auna.