Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Idan Gwajin Hanta Ya Ɗan Haura

Tambaya daga wani mai karatu a Aboabo, Kumasi: Assalamu alaikum Likita. Na yi gwajin jini saboda neman aiki, takarda ta nuna ALT 62, AST 48, aka ce sun haura. Shekarata 41, ba na shan giya, babu inda ke min ciwo. Tun ranar barci ya ƙaurace min. Hantata ta lalace ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka. ALT da AST sinadarai ne da ke zaune a cikin ƙwayoyin hanta, idan wani abu ya taɓa ta sai su tsiyayo cikin jini. A yawancin ɗakunan gwaji iyakarsu tana wajen 40, kenan naka bai ma kai ninki biyu ba. Idan hanta ta kumbura farat ɗaya, ɗaruruwa muke gani, wani lokaci har sama da 1,000. Kuma waɗannan biyun ba su ne ke nuna ko hanta tana aikinta ba. Ka duba albumin (furotin da hanta ke haɗawa) da bilirubin (sinadarin da ke sa ido ɗorawa idan ya yi yawa) a kan takardar. Idan suna daidai, alama ce mai kyau.

Abin da muka fi tararwa a masu shekarunka shi ne kitse a hanta, musamman ga mai tumbi ko mai ciwon suga, ko da bai taɓa kusantar giya ba. Sai magunguna: parasitamol idan ya yi yawa (babba kada ya wuce giram 4 a yini, kuma yawancin magungunan mura suna ɗauke da shi a ciki), maganin tarin fuka, da jiƙe-jiƙen gargajiya. Zazzaɓin cizon sauro ma yana ɗaga su na ɗan lokaci. AST kuwa har a tsoka akwai shi, don haka wanda ya wuni yana dakon kaya a kasuwar Kejetia kafin a ɗebi jininsa zai iya ganin ya hau.

Duk da haka kada ka ninke takardar ka jefa ƙarƙashin katifa. Ka yi gwajin HBsAg na ciwon hanta nau'in B, da na nau'in C, da na suga. Ka ajiye duk wani jiƙo, ka huta da aikin ƙarfi kwana biyu ko uku kafin gwaji, sannan a maimaita bayan kamar wata ɗaya. Idan bai sauka ba, sai a ɗauki hoton ciki. In kitse ne, rage kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki yana gyara hanta sosai. Amma in ido ya yi ɗorawa, fitsari ya koma kamar ruwan shayi, ciki ya kumbura ko ka yi aman jini, asibiti a ranar, ba sai wata ya cika ba.

Tambaya daga wata 'yar uwa a Asawase: Likita, mun je gwajin kafin aure, sai aka ce wanda zan aura yana da HBsAg, ni ba ni da shi. Dangina sun ce a fasa, har sun ware masa kwano.

Amsa: 'Yar uwa, a mayar masa da kwanonsa cikin na jama'a. Wannan cuta, wato ciwon hanta nau'in B, ba a ɗaukarta ta cin abinci tare, ko gaisawa, ko gumi. Ta jini take bi, da saduwar aure, da uwa zuwa jariri lokacin haihuwa, sai reza, askar wanzami da abin yankan farce da ake yi wa mutane da yawa. Yawancin masu ita a ƙasashenmu tun suna ƙanana suka ɗauka, don haka ba shaidar lalata ba ce, kuma zalunci ne a yi masa wannan kallon.

Ke abin da ya dace da ke shi ne allurar rigakafi guda uku: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida, sannan bayan wata ɗaya ko biyu a gwada a ga ko garkuwa ta kama. Kafin nan a yi amfani da kwaroron roba. Shi kuma a auna masa ALT da yawan ƙwayar cutar a jini, a yi hoton hanta, ya ga likitan hanta kamar waɗanda ke Asibitin Komfo Anokye. Ba kowane mai cutar ne ke buƙatar magani nan take ba. Wanda ya buƙata ana ba shi tenofovir ko entecavir, ƙwaya ɗaya kullum, kuma ba a dainawa sai da iznin likita, domin dainawa kwatsam tana iya tayar da cutar da ƙarfi. Ko bai fara magani ba, a riƙa duba shi duk wata shida zuwa shekara.

Tambaya daga Sabon Zongo: Ina da ciki wata biyar, an ce ina da nau'in B. Jaririna fa?

Amsa: Hajiya, ana iya kare shi, amma da shiri tun yanzu. Jaririn da ya ɗauka lokacin haihuwa, kusan tara cikin goma cutar tana zame musu ta din-din-din. Rigakafin da Gana ta sa cikin allurar yara tun 2002 sai a mako na shida yake farawa, kuma wannan ya yi wa jaririnki latti. Yana buƙatar allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, tare da allurar garkuwa ta HBIG in an samu. Ki tambayi ungozomar asibitinki tun yanzu inda za a tanade su. A auna miki yawan ƙwayar cutar. Idan ya kai 200,000 IU a kowane mililita na jini ana fara tenofovir daga mako na 28 na ciki. Shayarwa kuma babu laifi.

Tambaya daga Tafo: Masu tallar magani a cikin mota suna cewa kwalba uku tana wanke hanta. In gwada?

Amsa: Kada ka gwada, Malam. Babu jiƙon da aka tabbatar yana kawar da nau'in B, kuma duk abin da ka sha hantar ce ke fama da tace shi, wasu ma su ne ke ƙona ta. Kuɗin kwalaben ka kai su gwajin yawan ƙwayar cuta. In nau'in C ne, yanzu ƙwayoyin asibiti na mako 12 suna warkar da mafi yawan masu shi. Ka kuma guji gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, domin gubar da ke cikinsu tana ƙara haɗarin kansar hanta ga mai nau'in B.