Turancin asibiti: amsa ga ɗan'uwa daga Tawa

Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce za ka kai shi Sakkwato ta Konni, kana tambayar Ingilishin da za ka koya, tunda Faransanci ka yi a lakwal.

Kwantar da hankalinka, yawancin ma'aikatan can suna jin Hausa. Takardu ne dai duk da Ingilishi ake rubuta su. Inda mu ƴan Nijar muke tuntuɓe shi ne kalmomin da suka yi kama da na Faransanci. Na taɓa ce wa wani likita ina da "angine", ina nufin ciwon maƙogwaro, sai ya ɗauko abin sauraron ƙirji, ashe "angina" a wurinsu ciwon ƙirji ne mai nasaba da zuciya. Haka tansiyo, wato awon hawan jini: mu nan mukan ce 14/9, su kuwa 140/90 suke rubutawa, suna kiransa "blood pressure". Kar ka ga lambar ka firgita! Palu kuma "malaria" ne, ordonansi, wato takardar magani, "prescription".

Ni da zan ba ka shawara, haddace sassan jiki, da yadda ake faɗin yaushe ciwon ya fara. Kwalayen magungunan Baba kuwa, zuba su a leda ka tafi da su, sunan sinadarin kusan ɗaya ne a Faransanci da Ingilishi.