Ku Tambaya Mu Amsa: Aikin Ƙarshen Shekara a Makarantunmu

Yawancin wasiƙun wannan wata kan abu ɗaya suka zo: zangon ƙarshe ya kusa, malamai da iyaye suna neman aikin da yara za su nuna ranar rufe makaranta. Mun zaɓi guda huɗu. Malaman makaranta da ma'aikatan gandun daji da ke taya mu wannan fili ne suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Bara mun dasa itatuwa fiye da ɗari ranar rufe makaranta, manyan gari suka zo aka ɗauki hoto. Da muka dawo a Satumba, waɗanda suka rayu ba su kai goma ba. Ina kuskuren yake? Daga wani malamin ajin CM1 (aji biyar na firamare), Marwa, arewacin Kamaru.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kuskuren farko a ranar yake. A Marwa ruwan Yuni yakan yaudari mutum: a yi guda ɗaya mai ƙarfi, sai ya ɗauke kwana goma ko fiye, ƙasa ta koma tamkar ba a yi ba. Damina ba ta zama sosai sai a Yuli, lokacin kuwa makaranta tana rufe. Saboda haka ku raba aikin biyu. Ranar biki a haƙa ramuka, a kafa shinge, yara su nuna wa iyaye dashen da suka raina a leda. Dashen kansa a sa masa rana cikin Yuli, yaran unguwa da iyayensu su fito da sassafe. Kafin a dasa a tona da hannu. In laima ta kai taƙi ɗaya da rabi, wato kusan santimita 30, to ƙasa ta sha. Mutanen Ngaundare ba su da wannan matsala, don ruwansu yana sauka tun Afrilu.

Na biyu, yawan ya yi yawa. Ƙaramin itace yana buƙatar kusan lita 10 sau biyu a mako a raninsa na farko, daga Oktoba har Mayu. Itatuwa 30 lita 600 ke nan a mako, wato jarka 30 mai lita 20. Ku yi wannan lissafi da yaran a allo, sannan ku dubi rijiyarku ko famfonku ku yanke shawara. A ganinmu makarantar da ke ɗebo ruwa daga waje kada ta wuce itatuwa 20.

Kada ku sayi dashe. In aka saya, yara ba su koyi komai ba sai riƙe shebur. Ku sa su tsinto ledojin ruwan sha, a yanke baki, a huda gindi wuri huɗu ko biyar. A haɗa ƙasa kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Dogon yaro, wanda ya lulluɓe titunan Marwa da inuwa, shi ya fi sauƙi, amma irinsa ba ya jure ajiya: a tsinci 'ya'yan da suka yi rawaya, a wanke naman, a shanya a inuwa kwana biyu, a shuka kafin mako biyu. Irin gawo da na bagaruwa ɓawonsu tauri gare shi, sai an zuba musu ruwan zafi an bar su sun kwana ciki. Zogale ba ya buƙatar komai, cikin mako biyu ya tsiro, sai dai ba itacen inuwa ba ne, kuma shi akuya ta fi so. Mangwaro kuwa a bar wa mai ruwa a kusa. Dashe yana son wata uku zuwa huɗu a leda, don haka wanda zai dasa a Yuli ya shuka a Maris ko farkon Afrilu. Duk mako biyu a ɗaga ledojin a sauya musu mazauni, in ba haka ba saiwa ta huda ta kama ƙasa, ranar ɗauka ta tsinke.

Rami ya zama santimita 40 faɗi, 40 zurfi, tazarar mita 6 tsakanin dogon yaro da ɗan'uwansa, kuma a nisanta shi da bangon aji da masai. Lallai a cire ledar. Mutane da yawa suna binne ta da itacen, saiwa ta yi ta nannaɗewa a ciki har itacen ya shaƙe. A yanke gindin da reza, a tsaga gefe, a zare ta ba tare da curin ƙasar ya fashe ba. In filinku baƙar laka ce irin ta masakwa, mai tsagewa da rani, a gauraya yashi a kuma ɗan tuda ƙasar, don ruwa kada ya kwanta a gindin.

Sai akuya. Itacen da ba shi da kariya kalacinta ne. Turaku huɗu da ƙaya a zagaye, tsayin ƙirjin babban mutum, ko a jera tubali da ƙofofin iska. Kuma kowane itace ya sami mai shi: yara biyu, ɗaya daga CM1 ɗaya daga ƙaramin aji, a rubuta sunayensu a guntun langa-langa a rataya. 'Yan CM2, wato ajin ƙarshe, barin makarantar za su yi, kada a ɗora musu.

TAMBAYA: Makarantarmu ba ta da ko sisi. Wane aiki yara za su yi wanda akwai karatu a cikinsa, ba rawa da waƙa kaɗai ba? Daga wata malama, Garwa.

AMSA: Malama, ki yi musu ma'aunin ruwan sama. Ki sami gorar roba mai lita ɗaya da rabi wadda jikinta yake miƙe sambal, ba mai ƙugu ba. A yanke ta daga kafaɗa, a kifa bakin a ciki kamar mazurari. Gindin gora ba daidai yake ba, sai a zuba ɗan kwaɓaɓɓen siminti ya daidaita shi, ya kuma hana iska kayar da ita. A manna rula a jiki, sifili ya faɗa daidai saman simintin. A ɗaure ta a turke mai tsayin mita ɗaya a fili, nesa da itace ko gini da aƙalla ninki biyu na tsayinsa. Kullum da ƙarfe 7 na safe yaro ya karanta, ya rubuta a littafi, ya zubar. In aka bari rana ta take, ruwan ya ragu, lissafi ya ɓaci.

Ga inda karatun yake. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin aji mai mita 9 da mita 7 murabba'in mita 63 ne. Ruwan dare ɗaya mai milimita 20 ya zubo lita 1,260 daga wannan rufi, fiye da duro shida ke nan. Ki bar yarinya ta tsaya gaban mahaifinta ta yi wannan lissafi da alli, ta faɗa da Faransanci, ta sake faɗa da Hausa ko Fulatanci. Iyaye sukan tashi daga nan suna maganar sa wa makaranta indararo da tanki. Lokacin hutu a ba yaran da gidansu ke kusa littafin, mako-mako, a Satumba aji ya haɗa jimla ya gwada da abin da Garwa ta saba samu, wajen milimita 1,000 a shekara. Marwa wajen 800 take samu.

TAMBAYA: An ce kowane yaro ya kawo kuɗin biki, wanda bai kawo ba ba zai shiga ba. Ni 'ya'yana huɗu ne a makarantar. Haka ya dace? Daga wani uba, Kuseri.

AMSA: Bai dace ba, Baba, kuma kana da bakin magana. Tun shekarar 2000 aka soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati a Kamaru. Gudummawar da iyaye ke bayarwa ta hannun ƙungiyarsu ta APEE a taron iyaye ake yanke ta. Ka nemi shugaban ƙungiyar cikin girmamawa, ka roƙi a kira taro, a rubuta abin da za a saya da farashinsa a allo. Sau da yawa za ka ga hayar rumfa, kujeru da lemun manyan baƙi sun cinye yawancin kuɗin. Ka kawo shawara a yi gudummawar gida-gida ba kai-kai ba, kuma a karɓi abin da mutum ke da shi: taki, ƙaya, tabarmi, ko ƙarfin haƙa rami. Yaron da ya yi wata uku yana ba dashe ruwa, a hana shi tsayawa kusa da dashen nan ranar nuni saboda kuɗi, wannan abu yana yi mana ciwo. Ranar biki a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa.

TAMBAYA: Muna so mu haɗa da sharar unguwa da ɗan abinci. Me za mu kiyaye? Daga wani darakta, Gidar.

AMSA: Malam darakta, ka fara da gaida lawan ko jauro da liman, su za su fito maka da mutane. Ka kauce wa ranar kasuwa da makon jarrabawar CEP ta gama firamare. A fara da ƙarfe 7, a tashi kafin 11, jawabi kada ya wuce uku; yara ne ke tsaye a rana. Yasar kwata aikin manya ne masu shebur da takalmin roba. Yara su tsaya kan tsintar leda da shara, kuma kada a ƙona roba kusa da aji.

Abinci kuwa, farkon damina lokacin amai da gudawa ne, kuma ba a manta kwalarar 2010 a jihar Arewa Mai Nisa ba. Kada a ajiye kwano ɗaya kowa ya tsoma hannu. A huda jarka mai lita 5 da ƙusa mai zafi kusa da bakinta, a rataya a sanda tsakanin turaku biyu masu gwafa, a ɗaura igiya daga wuyanta zuwa wata sanda a ƙasa. In yaro ya taka, jarka ta karkata, ruwa ya zubo. Sabulu a rataye a gefe, tsakuwa a ƙasa don kada wurin ya yi caɓi. Jarka ɗaya ga kowane aji, a cika su kafin a buɗe tukunya.