Zauren Tambaya: Me Ya Sa 'Yan Gurguzun Farko Suka Ci Junansu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni ɗalibin tarihi ne a aji biyu na jami'a nan Katsina. An ba mu aiki a kan juyin juya halin Rasha na 1917, sai na tarar kusan duk manyan da suka yi gwagwarmaya tare da Lenin, ba abokan gaba ne suka kashe su ba, 'yan jam'iyyarsu ne. Na kai wa kakana zancen, ya ce in bar wahalar da kaina, Santsi da Taɓo na jam'iyyar PRP ne irin na Turawa. Haka ne? Kuma muguntar Sitalin ce kaɗai ta jawo haka, ko da wani abu a ƙasa? Ɗanka, daga Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaishe mini da kakanka Alhaji, ka ce masa zan dawo kan maganarsa, domin ni ma da ni aka yi wancan zamani.

Sitalin, wanda ya gaji Lenin a mulki, azzalumi ne, ba ni da wata kalma da ta fi wannan dacewa da shi. Amma wuƙar da ya yi yankan da ita ba shi kaɗai ya ƙera ta ba. Waɗanda ya yanka, da hannunsu suka taya wasa ta, a watan Maris na 1921. In ka gane abin da ya faru a wannan wata, sauran labarin ba zai ba ka wuya ba.

Rigima dai da ita aka haifi jam'iyyar su Lenin. A babban taronsu na 1903, wanda aka fara a Burasel aka ƙarasa a Landan, Lenin da abokinsa Martof sun saɓa kan wane ne ya cancanci a kira ɗan jam'iyya. Lenin na son 'yan kaɗan masu horo, waɗanda ke aiki a cikin sassan jam'iyya. Martof na son a buɗe ƙofa ga duk mai goyon baya da ke aiki ƙarƙashin jagorancinta. Martof ne ma ya ci wannan ƙuri'a. Sai da wasu wakilai suka yi fushi suka fice Lenin ya sami rinjaye a sauran batutuwa, nan take ya sa wa ɓangarensa Bolshebik, wato masu rinjaye, ya bar wa su Martof Menshebik, marasa rinjaye. Sunan ya bi su har kabari.

Abin lura shi ne, a shekarun farko mutum na iya ja da Lenin ido da ido ya kwana a gidansa. A Oktoban 1917 da kwamitin tsakiya ya zauna kan ƙwace mulki, mutum 10 suka amince, 2 suka ƙi: Zinobiyef da Kamenef. Har maganar ta fita a jarida. Lenin ya fusata, ya nemi a kore su, ba a kore su ba. Daga baya ma ɗaya ya riƙe birnin Fetirogirad, ɗaya ya riƙe Mosko. A 1918 Bukarin ya tara jama'arsa suka yi ta yaƙar yarjejeniyar sulhu da Jamus, wadda ta raba Rasha da ƙasa mai yawa. Ya sha kaye, ya ci gaba da zama babba a jam'iyya. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma a lokacin sun yarda da haka.

Sai yaƙin basasa ya ƙare ya bar ƙasar a durƙushe. Masana'antu sun tsaya, ma'aikata sun gudu ƙauye neman abinci, manoma sun yi bore saboda hukuma na kwashe musu hatsi da ƙarfin bindiga. A cikin jam'iyya wani tsagi ya taso da ake kira Adawar Ma'aikata, ƙarƙashin Shiliyafnikof, wanda shi kansa ma'aikacin ƙarfe ne, da wata mata mai suna Kolontai. Kukansu mai sauƙin fahimta ne: an yi juyin nan da sunan ma'aikaci, ga shi 'yan ofis sun hau kansa, a bar ƙungiyoyin ƙwadago su tafiyar da masana'antu. Ana cikin haka sojojin ruwa na sansanin Kuronstat, waɗanda a 1917 su ne abin alfaharin Bolshebik, suka yi tawaye suna neman a yi zaɓen majalisun ma'aikata cikin 'yanci. Babban taro na 10 yana zaune a Mosko, ana luguden wuta a Kuronstat. Wasu wakilai ma daga zauren suka tafi fagen daga, har da 'yan Adawar Ma'aikata.

Cikin wannan tsoro Lenin ya kawo abu biyu. Na farko, a daina ƙwace hatsi, manomi ya biya haraji ya sayar da sauran a kasuwa. Na biyu, ƙuduri kan haɗin kan jam'iyya: daga yau an haramta kafa ɓangare, duk tsagin da ke akwai ya watse, wanda ya ƙi a kore shi. Aka kuma saka sakin layi na 7, wanda aka ɓoye wa sauran 'yan jam'iyya, cewa ko ɗan kwamitin tsakiya ana iya korarsa in an sami kashi biyu cikin uku na ƙuri'a. Turoski, wanda ya gina rundunar Jan Soja, bai ja ba, Zinobiyef da Kamenef da Bukarin ba su ja ba. Wani daga cikin manyan jam'iyya, Radek, ya faɗa a zauren cewa yana jin wata rana za a iya juya wannan doka a kansu, amma duk da haka yana goyon bayanta. A 1937 aka ɗaure shi, a 1939 aka kashe shi a kurkuku. Duk sanda na zo wannan wuri ina koyar da yara, sai na ɗan dakata, domin mutumin ya ga ramin da idonsa.

Ka tambayi kanka, ɗana: in an hana ɓangare, wa zai faɗi wane ne ɗan ɓangare? Mutum uku da suka hadu bayan isha'i suna tattauna damuwarsu, shawara suke ko tsagi? Mai rinjaye a kwamiti shi zai yanke, shi kuma taronsa ba a taɓa kiransa ɓangare. To wa ke kawo rinjayen? A watan Afrilu na 1922 aka naɗa Sitalin babban sakatare, kujerar da manyan masana na jam'iyya suka raina, suna ganin aikin takarda da rajista ne. Ofishinsa ke tura sakatarorin larduna. Sakatarorin larduna ke tace wakilan da za su je babban taro. Wakilai ke zaɓen kwamitin tsakiya, kwamitin kuma ya sake tabbatar da sakatare. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake rubuta sunayen daliget kafin zaɓen fidda gwani a ƙasar nan ba ya bukatar dogon bayani.

Lenin ya farga, amma a kan gadon jinya. A ƙarshen 1922 ya yi wasiyya yana auna manyan ɗaya bayan ɗaya, ya ce Sitalin ya tara iko mai yawa a hannunsa. Ranar 4 ga Janairu 1923 ya ƙara cewa mutum ne mai kaushin hali, a nemi hanyar cire shi daga sakatare. Ya rasu ranar 21 ga Janairu 1924. Turoski yana hanyar kudu neman lafiya, bai halarci jana'iza ba. Ya ce Sitalin ne ya gaya masa ranar da ba ita ba. Ko ma mene ne, jama'a sun ga wanda ya ɗauki gawa, sun kuma ga wanda babu. Da matar Lenin ta miƙa wasiyyar a watan Mayu, Zinobiyef da Kamenef ne suka tsaya wa Sitalin, domin Turoski suke tsoro. Suna yi masa gorin cewa sai a 1917 ya shigo Bolshebik. Turoski kuwa ya miƙe a taron shekarar ya ce babu wanda zai iya zama mai gaskiya a kan jam'iyyarsa. Wanda ya faɗi haka ya ɗaure hannun kansa.

Daga nan abin ya tafi da sauri. A Disamban 1925 Zinobiyef da Kamenef suka juya wa Sitalin baya, aka kayar da su da ƙuri'a 559 da 65. Suka koma wajen Turoskin da suka zaga jiya, a 1927 aka kore su duka da dokar 1921. Aka tura Turoski Alma-Ata a 1928, aka fitar da shi Turkiyya a 1929. A wannan shekarar aka juyo kan Bukarin da abokan tafiyarsa Rikof da Tomski, waɗanda suka taya korar na farko.

Kada ka rubuta wa malaminka cewa son kujera ne zalla. Akwai saɓani na gaske: a lallaɓa manomi ko a matse shi don gina masana'antu, a jira juyin ya bazu Turai ko a gina gurguzu a ƙasa ɗaya. Bukarin na tare da manoma, su Turoski na son a hanzarta masana'antu. Sitalin ya tsaya da Bukarin har ya gama da su Turoski, sannan ya ɗauki manufarsu ya aiwatar da ita da zaluncin da su ba su taɓa kawowa ba. Aka tilasta wa manoma shiga gonakin haɗaka, yunwar 1932 zuwa 1933 ta kashe miliyoyin mutane a Yukiren da Kazakistan, kuma babu sauran bakin da zai ce a tsaya. Wannan ne ya fi ci mini rai: rigimar manya ce, talakan da aka yi komai da sunansa shi ya biya.

Mutum 7 ne a ofishin siyasa na jam'iyya da aka zaɓa bayan rasuwar Lenin. An harbe Zinobiyef da Kamenef a Agustan 1936. Tomski ya kashe kansa a wannan watan. An harbe Bukarin da Rikof a Maris na 1938. Turoski, wani ɗan leƙen asiri ya bi shi har Meziko ya sare shi a ka a Agustan 1940. Na bakwai shi ne Sitalin.

Yanzu maganar Alhaji. A 1980 ina ƙaramin malamin makaranta, Katsina na cikin jihar Kaduna, PRP ta tsage biyu. Gwamnoninta, Balarabe Musa da Abubakar Rimi, suka riƙa zama da gwamnonin UPN da GNPP, uwar jam'iyya ta hana, suka ƙi bari, aka kore su. Su ne Santsi, masu bin Malam Aminu Kano su ne Taɓo. Ni Santsi ne, yayana Taɓo. Azumi guda muka yi ba mu sha ruwa a tabarma ɗaya ba, sai da mahaifiyarmu ta kira mu ɗakinta ta yi kuka. A Yunin 1981 majalisar da NPN ke da rinjaye ta tsige Balarabe, mutuminmu Abba Musa Rimi ya hau. Wannan ɓaraka ta raunana mu ƙwarai, kuma ta nan Alhaji ya yi gaskiya: kowane ɓangare na cewa shi ne ainihin mai kishin talaka, ɗan'uwansa kuwa ya sayar. Inda zancensa ya gaza, PRP ba jam'iyyar kwaminisanci ba ce, Malam Aminu mai tafsirin Alƙur'ani ne. Kuma ba ita kaɗai ce jam'iyya a ƙasa ba, ba ta da kurkuku, ba ta da 'yan sandan ciki. Wanda aka kora yana da wajen zuwa, kamar yadda Rimi ya koma NPP a 1983. A Rasha kuwa tun farkon shekarun 1920 an rufe sauran jam'iyyu, korarre ba shi da inuwa ko ɗaya. Da Malam ya rasu a Afrilun 1983, mota ɗaya muka shiga ni da yayana zuwa Kano ta'aziyya.

TAMBAYA: Baba, ni malamar sakandare ce. Ɗalibaina mata na tambaya ko akwai mata a cikin waɗannan rigingimu. 'Yarka, daga Daura.

AMSA: Akwai, 'yata, kuma ba 'yan rakiya ba ne. Rosa Lukzambag ta Jamus tun 1918, tana kurkuku, ta rubuta gargaɗi ga Bolshebik cewa in aka toshe bakin mai saɓanin ra'ayi, 'yan tsirarun shugabanni ne za su rage suna mulki. Sojojin sa-kai masu adawa da gurguzu suka kashe ta a Balin a Janairun 1919. Kurufskaya, matar Lenin, ta tsaya da 'yan adawa a 1925, daga baya ta janye, ta rasu a 1939. Kolontai kuwa ita ta rubuta takardar da ta bayyana manufar Adawar Ma'aikata, aka rarraba ta lokacin taron 1921. Bayan an murƙushe tsagin sai aka nisanta ta da gida da sunan aikin jakadanci, Nowe, Meziko, sannan Suwidin, inda ta zauna daga 1930 zuwa 1945. Ta daina sukar jam'iyya a fili, ta rasu a Mosko a 1952. Shiliyafnikof, abokin tafiyarta, ya ƙi amsa laifin da aka ɗora masa, aka harbe shi a 1937.